Kujera Biyu da Sunan Mamaci

Verlon Tackett bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, irin mutumin da za ka taka wa ƙafa ya ba ka haƙuri. Shekara talatin muna zama kafaɗa da kafaɗa a filin ƙwallon jami'armu duk Asabar ɗin kakar wasa, ni Earline a kujerar bakin hanya, shi da matarsa Nelda a biyun da ke kusa da ni. Sai dai kujerun nan ba nasa ba ne. Na wansa Rufus ne, direban babbar mota da ba ya zaman gari, kuma Rufus ya daɗe a ƙasa.

A garinmu kuɗin tikiti kaɗai ba ya ba ka kujerar kirki. Sai ka fara ba ƙungiyar magoya baya gudummawa kowace shekara, wai ta ganin dama, ganin damar da in ka yi fashi sau ɗaya za ka tsinci kanka can ƙololuwa tare da tantabaru. Daɗewarka da yawan abin da ka bayar su ne ke zaɓa maka wurin zama. Abin da ke rage mana raɗaɗi a lokacin shi ne, kashi tamanin cikin ɗari na gudummawar ana cire shi daga kuɗin da za a yanka maka haraji a kai. Sai ka ga maza a bayan motoci suna gasa kaza suna cika baki, wai gwamnati ce ke biya musu kujera.

Amma kujera ba a gadonta. Mace kan karɓi ta mijinta, kamar yadda na karɓi ta nawa, ɗa ko ƙane kuwa ko oho. Rufus ga shi tuzuru ya mutu. Verlon ya kai shi ƙauyensu aka binne shi a bayan coci, ya dawo ya ja bakinsa ya yi gum. Da lokacin sabuntawa ya zo, ya je gidan waya ya aika kuɗin da sunan Rufus, haka kuma ya ci gaba da yi. Wa zai tona? Rabin layinmu a takarda tsofaffi ne 'yan shekara ɗari da ɗoriya, lafiyarsu ƙalau, ba sa fashin wasa. Da Verlon ya hawo matakala sai samari su ɗauka, "Barka da zuwa, marigayi! Ya mutanen lahira?" Ya yi murmushi ya miƙa musu dafaffiyar gyaɗa. Nelda ce ba ta son wasan. Takan ce, "Ku bar kiran abin da ba ku iya korarsa."

Sannan ciwon mantuwa ya kama ta. Matar da ta koyar da rabin yaran garin nan karatu, sai ga ta tana ajiye takalmi a firji, tana tsayawa a tsakar gidanta tana tambayar hanyar gida. Amma abin mamaki, da zarar ta zauna a kujerar nan aka busa ƙaho, sai ta dawo garau. Ta rera waƙar jami'a ba gargada, ta zazzaga wa alƙalin wasa masifa, ta damƙi hannun mijinta ta ce, "Verlon, kana ganin sakarcin nan kuwa?" Sau ɗaya ya gwada kai ta wasa a wani gari, ta yi ta ihu sai da suka fita tun kafin a fara.

Wata rana ya ce mini, "Earline, kwana shida da baƙuwa nake zaune. Ranar Asabar ake ara mini matata." Na hau ɓare gyaɗa.

Abu ɗaya ke cinsa a rai. Shekara goma sha yana biyan gudummawa, bai taɓa samun ragin ko sisi ba, don takardar shaida da sunan Rufus take zuwa, mamaci kuwa ba ya biyan haraji balle a rage masa. A ƙarshen 2017 labari ya bazu cewa doka ta sauya, daga sabuwar shekara babu sauran ragi. Garin ya ruɗe. Kowa na rige-rigen biyan na shekaru masu zuwa a dunƙule kafin a rufe ƙofa. Wani mai cike wa mutane takardun haraji a bayan kantin magani ya hure wa Verlon kunne, wai wanda ya biya shi ke da ragi, ya rubuta cak daga asusunsa kawai.

Na ce masa, "Verlon, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ka bar su da raginsu."

Ya ce, "Haba Earline. Kuɗin mai jinyar Nelda fa zai fito a ciki. Sau ɗaya tak."

Ya rubuta na shekara biyar, da sunansa ɓaro-ɓaro. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in shaƙe mutumin nan na bayan kantin magani.

Wata biyu shiru, har na fara jin kunyar kaina. Ran nan ina gidansu ina taje wa Nelda gashi a falo aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata yarinya ce tsaf-tsaf, sanye da riga mai tambarin jami'a, ta ce sunanta Kendra, daga ofishin magoya baya. Fara'arta ce ta fi ba ni tsoro.

Ta ce, "Baba, Mista Rufus Tackett nake nema. Mun ga cak da sunan wani a kan kujerunsa, ƙa'ida kuma mai kujera ne ke biya. Shi ne aka ce in leƙo in ga ko lafiya."

 Verlon ya waiwayo ya dubi Nelda, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "Ni ne Rufus."

"Kai, alhamdu lillahi! To wane ne Verlon?"

"Ƙanena ne. Shi ya taimaka mini."

"Allah sarki. Yana nan in gaishe shi?"

"Ba ya nan. Ya tafi garin Mobile aiki. Ba mu san ranar dawowarsa ba."

Kan Nelda ya tsaya cak a ƙarƙashin hannuna. Na san ta ji.

Yarinyar ta tafa hannu. Ta ce ai daɗi kan daɗi, don bana Mista Rufus ke cika shekara hamsin yana bayarwa ba fashi, ga kuma wannan babbar gudummawa. Tunda ragin haraji ya tafi, jami'a na son mutane su ga masu bayarwa don ƙauna. Za a fito da shi tsakiyar fili a wasan farko, a lokacin hutun rabin lokaci, a karrama shi.

Da ta tafi na rufe shi da faɗa. Na ce ya kira su ya ce Rufus na kwance ba lafiya. Ya kira. Suka ce ba komai, za su zo da mai ɗaukar hoto har bakin gado. Na ce to ya faɗi gaskiya. Ya ce, "In faɗa a karɓe kujerun? In kai ta ina ranar Asabar?" Sai haushi ya kama ni.

Haka muka ci bazarar nan kamar masu jiran sakamakon asibiti. Verlon ya rame. Ya tono hular Rufus da jakar kafaɗarsa, ya koyi irin sa hannunsa, ya haddace ranar haihuwarsa. Duk kiran da ofishin ya yi a falo yake amsawa, Nelda na zaune, yana cewa, "E, Rufus ke magana." 'Yan layinmu suka daina zolaya. Kowa na tunanin nasa mamacin, kowa na tsoron wani mai dogon baki ya miƙe cikin mutum dubu sittin ya ce da shi aka binne Rufus.

Ranar ta zo da zafi kamar gidan burodi. Nelda ta tashi lafiya, ta rera waƙa, ta ce wa alƙalin wasa makaho. Daf da hutu Kendra ta hawo ta tafi da shi. Ya sunkuya ya ce wa matarsa, "Yanzu zan dawo." Ta ce, "Ka taho mini da shayi mai ƙanƙara."

Sai ga fuskarsa a babban allo, girman gida guda, sunan Rufus Tackett a ƙasa. Mai sanarwa ya ja sunan har sau uku. Fili ya miƙe tsaye ana tafi. Ni kuwa idona na kan jama'a, ina jiran wanda zai ɓata taro. Babu wanda ya yi ko tari. Na sauke ajiyar zuciya, na ce a raina Allah ya rufa asiri. Nelda ma tana tafi, idonta ƙur a kan allon, leɓenta na motsi tana karanta sunan.

Ya dawo yana haki, allon yabo a hammata, kofin shayi a hannu. Ya zauna ya miƙa mata, ya kai hannu zai riƙe nata kamar kullum. Ta janye. Ta ɗauki jakarta ta ajiye a tsakaninsu, ta gyara siket ɗinta, ta yi masa murmushin ladabi.

Ta ce, "Sannu, Yaya Rufus. Ka yi kyau a allo. Kaico, Verlon bai gani ba."

"Nelda, ni ne."

"Na sani mana. Wai yaushe zai dawo daga Mobile? Bai ko yi mini sallama ba."

Ya buɗe baki. A bayansa Kendra na tsaye a kan matakala da mai ɗaukar hoto, suna jira su ɗauke shi a kujerarsa. Ya dube su, ya dubi matarsa. Na ga hawaye ya gangaro ta gefen hancinsa.

Ya ce, "Ya kusa."

Kujerun suna nan, an biya har shekara biyar, ba wanda ya sake tambaya. Duk Asabar suna zuwa. Tana rera waƙa, tana masifa, amma hannunta yana kan cinyarta. A gida ta kulle ɗakinta, ta ce bai dace wan miji ya shigo ba mai gida ba ya nan, shi ya sa yake kwana a falo. In mota ta tsaya a bakin titi sai ta ruga taga. Ya nuna mata hoton aurensu, ya rantse, ya yi kuka, ta ce wa mai jinya Yaya Rufus ya fara ruɗewa, a riƙa lallaɓa shi.

Makon jiya ana tsakar wasa ta jingino kaina ta ce, "Earline, ke ba kya ɓoye mini magana. Wata ya samu a can, ko?" Na ce mata a'a, wallahi ba shi da kowa sai ita. Yana zaune a gefenta yana jin mu, bai juyo ba.