Lauyan Amurka da Tabarmar Jaje

Shekarun baya, ina karatun lauya, malaminmu ya ba ni aikin rubuta tarihin wani lauyan Amurka na ƙarni na sha tara. Ɗan ƙauye ne, ya je majalisar ƙasarsu sau ɗaya, zaɓe na gaba ya sha kaye, ya koma garinsu yana shari'ar filaye har ya mutu. Na ji haushi ƙwarai. An raba wa abokaina manyan mutane, ni aka haɗa ni da wanda ya faɗi.

Da na zo hutu Ajingi, muna ɓarar gyaɗa a zaure, na ba mahaifina labarin ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Da ya dawo gida, mutanensa sun karɓe shi?" Na ce sun karɓe shi. Ya ce, "To."

Kwanci tashi, ni ma na tsaya takarar majalisa. Har babbar rigar rantsuwa na ɗinka tun ba a kaɗa ƙuri'a ba. Na faɗi warwas. Kunya ta hana ni komawa gida, na maƙale a Kano na kashe waya.

A wajenmu kuwa, wanda ya faɗi zaɓe zuwa ake a yi masa jaje. Rana ta huɗu wani abokina ya same ni, ya ce, "Kana nan kana ɓuya, Baba na ƙofar gida yana karɓar jajenka. Har daga Gaya da Balan ake zuwa. Ƙafarsa ta kumbura don zama."

Na hau motar Ajingi. Na tarar da shi a kan tabarma, mutane kewaye da shi. Ya matsa gefe, ya ce, "Zauna, wurinka ne." Sai da jama'a suka ragu ya dube ni.

"Baturen nan naka, da ya faɗi, ubansa ya bar wa tabarma?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To, da me ka fi shi da kake masa dariya?"

Yanzu a Gaya nake aiki, yawanci shari'ar gonaki da gado, irin aikin mutumin da na raina. Na gane faɗuwa ba ta zubar da mutunci, gudun ne ke zubarwa. Faɗuwar ta daɗe da daina yi mini ciwo. Kwana huɗun da tsohon nan ya zauna yana cewa "mun gode" a madadina, su ne har yau ban yafe wa kaina ba.