Hancin Ɗelu Mai Turare

Duk wanda ya aurar da ƴa a Madarunfa cikin shekarun nan ya san gidan Ɗelu mai turare. Gida ne na ƙasa a kan hanyar da ke gangarawa tafki, da bishiyar bedi a ƙofarsa. Tun daga nesa ake jiyo ƙamshin kajiji da take daka wa amare.

Haifaffiyar Gabi ce, mace ta farko bayan maza uku, shi ya sa sunan Ɗelu ya bi ta har ya danne na yanka. Ta auri wani tela ɗan Madarunfa mai suna Ɗanladi, suka haifi ƴa guda, Maryama. Yarinyar tana shekara shida suka bar ta wurin kakarta suka tafi Umra. Kamar mutane da yawa a lokacin, da aka gama ibada ba su dawo ba. Ɗanladi ya sami keken ɗinki a wani lungu a Jidda, ita kuma ta sami aikatau a gidan wani tsoho mutumin Yaman, wanda sana'arsa sayar da itacen udu.

Udu itace ne da ake kawowa daga ƙasashen gabas masu yawan ruwa. Idan bishiyar ta ji rauni sai ta tara wani baƙin ƙaro a cikinta, wannan ɓangaren ne ke da ƙamshi. Ɗelu ba ta san haka ba sa'ad da ta fara. Aikinta shara ne da kai wa tsohon garwashi a zauren da yake karɓar fatake. Ta lura dai shi ba ya ƙona itacen yadda ake yi a gida. Sai ya binne garwashin cikin toka, ya jira ya lafa, sannan ya ɗora ɗan tsinke da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ba hayaƙi, ba ƙauri. Zafi kawai ke taɓa shi, ƙamshin ya riƙa fitowa sannu a hankali, yana sauyawa.

Shekara huɗu tana kai kasko tana fita. Wata rana ɗan da tsohon ya haifa ya ɗora tsinke biyu ɗaya bayan ɗaya, yana gaya wa ubansa daga buhu guda suke. Ɗelu tana tattara kofunan shayi, sai ta ji bakinta ya ce, da guntun Larabcinta, ba ɗaya ba ne. Ɗan ya harare ta. Tsohon kuwa, wanda idonsa ya riga ya fara dushewa, ya juyo ya ce ta matso ta faɗi bambancin. Ta ce na farkon kamar dabino ne da aka ajiye a ƙwarya, na biyun kuwa akwai laima a cikinsa, irin ta bakin tafkinsu idan ruwa ya janye.

Daga ranar ya sa aka shimfiɗa mata darduma a gefen zauren. Bai koya mata da dogon bayani ba. Ɗorawa yake yi ya ce, “Wannan Kambodi.” Gobe ya ɗora wani ya ce, “Wannan Hindi.” Jibi kuma ya yi shiru sai ta faɗa. Ita kuwa ta riƙa ɗaure kowanne da abin da ta sani a gida. Na Kambodiya zaƙi ne da shi, dabino da zuma. Wanda ake ce wa Maroki, daga can tsibiran Indunusiya, taɓon tafki ne da ɗanyar ciyawa. Na Malesiya yana da sanyi a hanci kamar an sare reshen itace da sassafe. Na Indiya kuwa shi ne mai wuyar sha'ani, don farkonsa warin garke ne sak, sai wanda ya daure yake kaiwa ga abin da ke bayansa.

Haka ta yi shekara goma sha takwas. Tsohon ya rasu, Ɗanladi ma ya rasu aka binne shi can. Shekarar da aka yi ta kwashe marasa takardu, aka kwaso da ita. Jirgi ya sauke su Yamai, ta hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Maraɗi. Ta tarar da Maryama da ƴaƴa uku, tana gaishe ta cikin ladabi kamar yadda ake gaida baƙuwa. Ɗelu ba ta yi ƙorafi ba. Ta gyara ɗakin mijinta ta zauna. Cikin kayanta akwai wani gwangwanin shayi cike da guntayen udu, kowane iri a ƙulle cikin tsummansa.

A Madarunfa ba mai neman turaren da ba ya hayaƙi. Mata na son wanda zai turnuƙe ɗaki, ya kama zane har sati. Sai ta ba su abin da suke so: kajiji da sandal da farce, a soya da sukari, a zuba madarar turare. Ta iya kuwa, har daga Safo ake zuwa. Gwangwanin nan ba ta buɗe shi sai ranar Juma'a da hantsi, bayan ta yi shara. Maƙwabciyarta Ramatu ta taɓa zama da ita sau ɗaya, ta sunkuya kan kaskon, ta ɗago ta ce, “Hajiya, wutar taki ta mutu fa.” Ɗelu ta yi murmushi ta miƙa mata goro.

Bara waccan, bayan an gama girbin hatsi, wata mota ta tsaya ƙarƙashin bedin. Mai ita Alhaji Abdoul Aziz ne, ɗan kasuwa daga Ɗan Isa, mai kamyo biyu, manyan motocin kaya, da ke jigila tsakanin Maraɗi da Katsina. Ya je Dubai sayen kayan mota, aka kai shi kasuwar turare, ya ga yadda Larabawa ke rububin udu, sai ya sayo don ya gwada sayar wa manyan mutane. Da ya dawo ya gane shi kansa bai san abin da ya sayo ba. Wata gwaggonsa ce ta kwatanta masa gidan Ɗelu.

Bayan gaisuwa ya zauna bakin tabarma ya kwance ƙulli biyu. “Inna, ga su. An ce mini duka na Kambodiya ne, lamba ɗaya. Ina so ki sa musu albarka.”

“Albarka ta Allah ce, Alhaji. Ni dai in ji in faɗa.”

Ta ɗebo garwashi daga murhu, ta rufe shi da toka, ta zauna tana jira. Alhaji ya duba agogo sau biyu. Da ta kara bayan hannunta ta ji zafin ya yi daidai, ta fere ɗan tsinke daga ƙullin farko ta ɗora. Ta jawo iskar da tafin hannu zuwa fuskarta, ta kau da kai, ta sake jawowa.

“Kambodi ne, ba su yi maka ƙarya ba. Amma bishiyar dashe ce, kuma an yi saurin sare ta. Zaƙin nan da kake ji ba zai daɗe ba. Yana da kyau ga mai son turara riga.”

Na biyun baƙi ne wuluk, mai sheƙi, shi ne Alhaji ya fi alfahari da shi. Yana hawa toka ƙamshi ya cika tsakar gida. Alhaji ya gyara zama ya ce, “Kin ji ko!” Ɗelu ta ci gaba da jawo iskar zuwa fuskarta. Can jimawa kaɗan ƙamshin ya gushe, ya bar wani ƙauri kamar na itacen girki. Ta ɗauki gunduwa guda ta tsaga da wuƙa, ta miƙa masa. Cikinta fari fat.

“Farin itace ne aka dafa cikin mai, aka shafe bayansa. Udu na gaskiya ba ya gaisuwa da ihu.”

Alhaji ya daɗe yana jujjuya gunduwar. Sannan ya laluba aljihu ya fito da wata ƴar leda. “Wannan gyara ce suka ba ni. Na gwada a gida, maiɗakina ta ce in fitar mata da shi, wai warin awaki yake.”

Ɗelu ta sake toka, ta ɗora ɗan ɓarɓashi. Warin garke ya taso, Alhaji ya ja baya yana yamutsa fuska. Ta ce, “Zauna, ɗana. Ka jure wa layin duwan, kwastan kan iyaka, ka kasa jure wa wannan?” Ya yi dariya ya zauna. Warin ya sassauta, ya koma kamar sabuwar fata a hannun baduku. Bayan nan wani abu ya biyo mai ɗumi da zurfi, da ɗan zaƙi can ƙasa, wanda ba ya tashi sama sai dai ya zauna kusa da mutum. Alhaji ya sunkuyo kan tokar, hannunsa a kan gwiwa.

“Hindi ne, tsohon itace,” in ji ta. “Sharar buhu ce suka tattara maka, ba su duba ba. Cikin duk abin da ka kawo, wannan ne udu na kirki.”

Ya so ya buɗe mata bitik, wato kanti, a Maraɗi ta zauna masa, ta ce ta gaji da zaman gidan wasu. Abin da suka daidaita a kai shi ne, duk tafiyar da ya yi zai karɓo ɗanɗano tukuna ya kawo mata, sai ta ce to sannan ya aika a saya. Jabun kuwa bai sayar wa kowa ba, a murhun gidansa ya ƙare.

Yanzu Ɗelu ta haura sittin, kuma ita da bakinta take cewa hancin ya fara nauyi, idan tana mura ba ta yarda ta yanke hukunci. Da damanar da ta wuce Alhaji ya kawo mata wani itace ja-ja-ja daga wani tsibiri da ke kudu da Indiya. Ta ɗora, ta shaƙa, ta ce, “Wannan ban san shi ba. Bar mini shi.” Juma'a uku tana ɗora shi. A ta huɗu ta aika masa cewa na kirki ne, farkonsa ɓawon lemun tsami, ƙarshensa gishiri-gishiri kamar kanwa. Ta yago sabon tsumma ta ƙulle abin da ya rage, ta koma kan turmin kajijinta, don akwai biki biyu a Safo satin nan.