Rakiyar Malam Badaru

A Adabka, in ka tambayi Malam Badaru, hanya za a nuna maka. Tun yana saurayi Allah Ya ɗora masa son rakiya. Baƙo ya zo gaishe shi, sai ya zari takalmi ya ce bari ya taka masa. Daga ƙofar gida sai bakin masallaci, daga nan sai tashar babura, wani lokacin ma sai a hango shi ya ɗare bayan babur don hira ba ta ƙare ba. Mai zuwa asibiti Gummi shi yake nema, mai kai ƙara Anka shi, mai gaisuwar mutuwa a Bukkuyum ma shi. Bakinsa bai iya "a'a" ba sam.

Matarsa Saude ta shekara ashirin da shida tana ɗumamen tuwon da ya gaji da jiran mai shi. Mutanen gari suna cewa ta dace da mijin kirki. Kirki kam akwai shi, ita dai ba ta taɓa ganin an zuba shi a tukunya ba.

Bana tsuntsu ya gama musu da gero, sai waken gonarsu ta bakin fadama ya rage, kuma shi kaɗai zai kai su baɗi. Ya bushe yana jiran roro sai mai shela ya zaga gari: saura kwana tara a saki shanu cikin gonaki, kamar kowace shekara, su ci kara su bar taki. Wanda bai kwashe amfaninsa ba ya kuka da kansa.

"Malam, ka ji shela ko?" in ji Saude.

"Na ji. Gobe in Allah Ya so sai in kira gayya, yini guda an gama."

Gobe ta zo, maƙwabcinsu Murtala ya yi sallama zai kai tsohuwarsa asibiti. Jibi aka tafi neman aure Bukkuyum. Saude ta ɗauki masaki ta shiga gona ita kaɗai, ga ciwon gwiwa, ga rana. Tana roro tana tsaki, takaici kamar ta zauna ta yi kuka.

Rana ta bakwai haƙurinta ya ƙare. Ta jefa takalminsa cikin rumbu.

"Yau ba inda za ka tahi, Malam! Wanga wake ni kaɗai zan ci shi?"

"Haba Saude, mutum ya taho har ƙohwar gida, mi zan ce mai? Yanzu zan komo."

Ya fita da silifas ɗin alwala. Yanzun nan tasa ta kai la'asar ɗin washegari, kuma ya dawo a gajiye tilis.

Ranar Asabar da hantsi Jabbi, makiyayin rugar da ke bayan fadama, ya zo da ƙwaryar nono yana sunkuyar da kai. Ya ce jiya an saki shanu, bai san ba a rore waken ba, kafin ya kora su sun gama. Badaru ya ce ba komai, ai an yi shela. Jabbi na miƙewa, wallahi sai ga Badaru yana laluben silifas. Saude ta tashi. Ta ɗauki masaki ta bi bayansu, ko ta tsinci abin da ya zube.

Hanyar ruga ta gefen gonar ta bi. Nan Badaru ya ja ya tsaya. Rabonsa da wurin tun kafin shela. Ba wake, ba harawa, sai sawun kofato da kashin shanu. Jabbi ya yi sallama ya wuce, Badaru bai ko ɗaga ƙafa ba. Ya duƙa ya ɗauki kwanso guda da aka tattake, ya murje shi, ƙwaya biyu suka faɗo a tafinsa.

Saude ta miƙa masa masakin.

"Ungo, Malam. Tunda rakiya ta kawo ka."