Sau Uku Kawu Haruna Ya Girgiza Igiya

Kai mai karatu, ka taɓa riƙe igiyar da ran mutum yake rataye a ɗaya bakinta? In ba ka taɓa ba, shiga kowane ƙauye a ƙasar Yekuwa ka tambayi ma'anar girgiza uku. Ko tsohuwa mai toshiyar kunne za ta faɗa maka: na cikin rijiya ya ce a fito da shi. Yanzu, ba sai an yi shawara ba.

Ranar Talata da hantsi ina garejin da nake gyaran moto, wato babur, a Magariya, hannuna duk baƙin mai, sai Inna Zuwaira, matar kawuna, ta kira ni. Ko sallama babu. "Laminu, kawunka ya faɗa rijiya. In ka yi sauri ka tarar da wanka." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce wace rijiya, mutumin da ya shekara huɗu bai sauka ko rami ba? Ta kashe wayar.

Kawu Haruna wan mahaifiyata Hajara ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwarta. Haƙar rijiya ce sana'arsa, kuma daga ƙauyenmu har Mallawa mutane da dabbobi suna shan guminsa har gobe. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, ni ma ban yi ba. Amma in ya gama aiki yakan yago mini takardar buhun siminti ya ce, "Karanta mini, ko ƙarya ce ina so in ji." Saboda wannan mutumin na koyi haɗa baƙi. Bai taɓa fara shan ruwan rijiyar da ya haƙa ba, sai ya nemi tsohuwar da ta fi kowa shekaru ya miƙa mata ƙwaryar. Kafin ya sauka yakan bi igiya taƙi-taƙi da hannunsa, sannan ya dubi masu riƙon ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Na ƙasa ba shi da baki sai igiya. Amana ce, ku ji ta."

Shekara huɗu da suka wuce wata sabuwar rijiya ta rufta da shi. Daga azahar har la'asar yana ƙarƙashin rairayi, ya kifa ƙwarya a fuskarsa yana shan ɗan iskar da ke cikinta. An tono shi ko yatsa bai karye ba, aka ce ya tsira. Bai tsira ba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai, sai ka ga ya daskare, idonsa a buɗe amma ba ya nan, ya koma ramin. Ɗaki ma sai an bar masa ƙofa a buɗe.

To me muka yi wa mutumin da ya shayar da mu? Muka mai da shi wasa. A kasuwar Mallawa, magidanta masu gemu, ba yara ba, sukan lallaɓo ta bayansa su watsa masa rairayi a wuya su yi ihu, "Ta rufta!" Ya zube yana kare kai, su yi ta dariya suna tafa hannu. Har sunan ya bi shi: Ta-rufta. Na taɓa shaƙe wani a kan haka. Kawu ne ya ɓamɓare hannuna, ya ce, "Bar shi, ɗan Hajara. Bai taɓa shiga rijiya ba ne."

Bara na ji labarin wani lokotoro a gidan likita na Magariya, mai yi wa irin wannan ciwo magani ba da allura ko ƙwaya ba. Na goyo Kawu a moto na kai shi. Lokotoron bai ce ya ba da labari ba. Ya zaunar da shi, ya sa numfashinsa ya kwanta, sannan ya ce ya ɗauka yana kallon kansa a fuskar waya, daga nesa, tun safiyar ranar yana shan koko har zuwa lokacin da aka fito da shi. In ya kai ƙarshe, ya mai da abin baya da gudu. A ganina sai an yi haka zuciya ke yarda cewa abin ya wuce. Zuwa uku muka yi. A na uku ya fito yana dariya. "Laminu, yau na ga rairayi yana tashi daga kaina yana komawa bango. Igiya ta tofo ni sama, na tafi gida da baya-baya, na tarar da kokona da zafi!"

Lokotoron ya raka mu bakin ƙofa ya ce, "Baba, miki ya rufe, amma fatar sabuwa ce. Ka tsaya bakin rijiya, ka ja guga. Sauka kuwa, sai ranar da ranka ya so, ba ranar da aka so ba."

Ya ja guga. Ya rufe ƙofar ɗakinsa. Kuma saboda ba shi da mugun ciki, duk wanda ya gamu da shi sai ya ce masa, "Alhamdu lillahi, na samu sauƙi." Da wannan godiyar aka ɗaure shi.

Rijiyar gari ta cika da laka, tana son yasa, kuma babu mai zuciyar shiga. Dattawa suka same shi gaban surukinsa. Inna Zuwaira tana jin su ta bayan danga. Ya ce lokaci bai yi ba. Aka ce, "Haruna, ba da bakinka ka ce ka warke ba? Ko maganin surutun naku na Magariya bai kai ƙasa ba? Mata na tafiya gari biyu neman ruwa, kai kana nan kana kallon waya a zuci." Aka yi dariya. Ya tashi ya ɗauko igiyarsa, ya bi ta taƙi-taƙi.

Mutum shida suka riƙe. Ya kai wajen gaba goma, sai igiya ta girgiza sau uku. Matan da ke jira da jarkoki sun gani da idonsu, sun kuma ji murya daga cikin shidan: "Kada a ja! A bar shi ya saba." Ya sake girgizawa. Ya sake. Da ya ga ba a ji ba, sai ya kama hawa da hannu, maɗaurin ya sulluɓe, ya tafi.

Ni na zuba masa ruwan wanka. Tafin hannunsa biyu babu fata.

Wurin zaman makoki shidan nan suna sahun gaba, kowa da carbi. "Kwana ya ƙare, Laminu, sai haƙuri." Na sani, kwana na Allah ne. Igiya fa, a hannun wa take? Matan sun ce sun ji murya, ba su ga fuska ba. Ban ga laifinsu ba, a gidajen shidan suke aure.

Allah Ya jiƙan Kawu Haruna, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa, shi da ya sha ƙunci tun yana da rai. Allah Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da bayinSa. Allah Ya ba Inna Zuwaira da 'ya'yanta mata uku juriya, su da har yanzu a wannan rijiyar suke ɗiban ruwa. Amin.

Saura ku shida. Na san sunayenku, ban rubuta ba, don biyar daga cikinku yin shiru ne laifinsu. Ranar Juma'a ina zuwa da igiyar, zan ajiye ta a ƙofar masallaci bayan an sallame. Wanda ya ce kada a ja, ya tashi gaban liman da maigari da matar mamaci ya ce ni ne, ya faɗa mana abin da yake so Kawu ya saba da shi. Ka iya ɗaga murya a bakin rijiya. Ɗaga ta nan ma.