Baturiya da Naman Jar Akuya

Duk wanda ya taɓa cin abincin Nowel, wato Kirsimeti, a majami'ar Tsibiri, daga hannun Baturiya ya ci. Sana'arta ita ce sarin tumatir da kabeji a gonakin rani na Jiratawa ta kai kasuwar Maradi, amma idan biki ya zo, ita ce uwar tukunya. Kowa ya san ta da son nama. Ita kanta takan ce ko a Sama, in ba a ba ta ƙashin tsotsa ba, sai ta yi ƙorafi.

A shekarun da jam'iyyu suka cika gari, yajin aiki yana bin yajin aiki, nama ya yi wuya a gidaje. Da ƙyar masu bi suka haɗa hannu suka sayi akuya ɗaya, ja, domin bikin.

A cikinsu akwai Maiwada, dattijo manomin gero, wanda bai daɗe da barin tsafin kakanninsa ba. A gidan ubansa jar akuya ta iskoki ce, ba a cin ta sai a wurin tsafi. Da ya hangi fatar a shanye bisa danga, sai ya ture kwanonsa.

Ilyasu, shugaban mawaƙa, ya ɗaga murya: "Baba, ashe har yanzu iskoki na riƙe da kai? Ci mana, mu ga ko za su shaƙe ka!"

Aka bushe da dariya. Maiwada ya laluɓi sandarsa, ya nufi ƙofa. Baturiya ta tabbata in ya fita da wannan kunya ba zai sake dawowa ba, domin danginsa a ƙauye dama ranar suke jira. Ta ajiye ludayi, ta tare shi.

"Yaya Maiwada, tafiya za ka yi ka bar ni? Ni ma yau ba na cin ta. Ga tuwo, ga ganyen tafasa da ƙuli, zo mu ci tare."

Ilyasu ya ce, "Inna, ke? Ke da nama?"

"Ni ɗin. Mai Ceton da ya mutu dominka, shi ya mutu dominsa. Ba za mu rasa ɗan'uwa saboda tsoka ba."

Maiwada ya sunkuyar da kai. "Ƙanwata, tsoro nake ji. Na yi addu'a, bai tafi ba."

"Na sani. Zauna da tsoron nan cikinmu, kada ka kai shi gida kai kaɗai."

Ya zauna. Suka ci a akushi ɗaya, ƙanshin miyar da ta dafa da hannunta yana wuce ta, tana haɗiyar yawu ba ta ɓoye ba, har Maiwada ya yi murmushi.

Tsoron bai taɓa sakin sa gaba ɗaya ba. Har ya rasu bai ɗanɗana jar akuya ba, ita ma ba ta ci ba muddin yana raye. Amma bai fasa zuwa sujada ba, kuma a maƙabartar masu bi aka binne shi.