Kwalbar da Na Ɗauro a Ciki Daga Gwagwalada

Mpape, ƙarfe huɗu da rabi

Na fito gida ana yayyafi, ban karya ba, don tsoron makara. Ni masinja ne a wani ƙaramin ɗakin bincike a cikin gari. Shugabarmu, Dakta Rifkatu, tana rainon ƙwayoyin halittar mafitsara a kwalba, ta zuba musu ƙwayar cutar da ke sa zafin fitsari, ta ga yadda take manne musu. Nata duk sun mutu a makon jiya. Wani farfesa a Gwagwalada ya yarda ya ba ta kwalba ɗaya cikin biyun da suka rage masa. In wannan ta lalace, aikinta na bana ya tsaya. Motarta tana gareji, sai ta aike ni.

Na yi asuba a Zuba. Bas ta sauke ni Gwagwalada bakwai da kwata.

Gwagwalada

Mataimakiyar farfesan ta miƙo mini kwalbar roba shafaffiya, cike da ruwa ja-ja, da takarda mai hatimi.

"Baba, kar a buɗe, kar a jijjiga. In ruwan ya koma rawaya, sun lalace. Ɗumin jikin mutum suke so."

Na fito, iska tana kaɗawa da sanyi. Na tsaya ina tunani: jaka ba ta da ɗumi. Sai na zaga bayan gini, na kwance rawanina, na ɗaure kwalbar a cikina, na saki riga a kai.

Hanyar Zuba

Takwas da minti goma muka tashi a ƙaramar mota, mu shida. Kowane rami sai na ji shi a zuciyata.

"Direba, don Allah a hankali."

"Baba, ƙwai ka haɗiya ne?" In ji direban. Aka yi dariya.

A Zuba na canja bas, ko lemun da ake turo mana ta taga ban kalla ba. Ina ta ɗaga wuyan riga ina leƙa launin ruwan, leɓena yana motsi da addu'a. Ban lura ba cewa matar da ke kusa da ni ta daina magana, ta ɗauke 'yarta ta mayar ɗaya cinyar.

Shingen bincike, tara da minti ashirin

Muna tsayawa matar ta fizge ƙofa ta fita da gudu. "Oga! Mutumin nan ya ɗaura abu a ciki!"

Kafin in fahimta, bas ta zama ba kowa sai ni. Jami'ai biyu suka ja da baya, bakin bindiga ya juyo.

"Fito! Hannu sama! Kwanta a ƙasa!"

Na fito, hannuwana a sama, na durƙusa. "Ranka ya daɗe, in na kwanta zan danne su."

"Su wa?"

Babbansu, mai furfura a gemu, ya ɗaga wa yaransa hannu. "Baba, da yatsa biyu, ɗaga rigar. A hankali."

Na ɗaga. Ya ƙura ido daga nesa. "Jini ne?"

"A'a."

"Na dabba ne ko na mutum?"

Ban iya ƙarya ba. "Na mafitsarar mutum ne, ranka ya daɗe, amma..."

Fasinjoji suka ɗauki salati daga hayin titi. Wani ya ce a kama matsafi. Na ce akwai takarda a aljihuna na dama, amma ba zan sauke hannu ba sai ya ce. Shi da kansa ya matso ya zaro ta, ya karanta sau biyu.

"Buɗe mu sansana."

"Ku tsare ni in kun so, ku kira mai ita. Amma in iska ta shiga, sun mutu."

Ya kira lambar da ke takardar. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake. Gwiwoyina suna cikin taɓo, ina jin ruwan kwalbar yana motsi da numfashina. A karo na uku Dakta ta ɗauka. Sun yi minti biyar suna Turanci. Ya kashe waya, ya dube ni.

"Tashi, Baba. Ka riƙe abinka a hannu, kowa ya gani. Yau saura kaɗan ka bar marayu."

Bas ɗin ta ƙi ɗaukata. Shi ya tsayar mini da tasi.

Cikin gari, sha ɗaya saura

Dakta tana bakin ƙofa. Ta karɓa, ta goge da sinadari, ta ɗora a madubin ƙara girma. Ta daɗe tana dubawa. Na jingina da bango.

"Suna nan, Baba Isiyaku. Zo ka gani."

Na sa ido. Na gan su jere, manne da juna kamar daɓen tsakar gida. Na ce to, alhamdu lillahi, ɗaurin bai tafi a banza ba.

Sai ta ce a hankali: "Baba, awa uku ce kawai. Ko a jaka ka sa su, da sun iso lafiya."

Mpape, bayan la'asar

Na iso gida, aka kawo tuwo. Na gode wa Allah da ya dawo da ni. Na gode wa mai furfurar nan da bai yi gaggawa ba. Ita ma matar, in wannan labari ya kai gare ta, ta yafe mini firgitar da na yi wa 'yarta. Da ni ne a kujerarta, da tun Zuba na yi ihu.