Vernon Stidham, Mai Bin Bayan Babura

Kafin gari ya gama wayewa za ka ji tsohuwar a-kori-kurar Vernon Stidham tana tari a bakin garejinsa. Yakan bar ta ta ɗumama, ya fito da famfon iska ya jingine a bango. Can sai ƙananan babura su fara gangarowa daga lungunan tsauni ɗaya-ɗaya, maza da mata, wasu da kayan barci a ƙarƙashin kwat. Ya bi su yana danna taya da babban yatsa, yana taɓa birki, yana duba fitila. In ya ga wanda bai ɗaure hular kwano ba, ba ya faɗa. Ƙwanƙwasa hular yake yi kamar ƙofa, ya ce, "Da mutane a gidan kuwa?" Daga nan su jera su hau babban titi, fitilu a kunne, shi yana can baya a motarsa, har ƙofar asibitin masu barin ƙwaya da ke babban garin gundumarmu. Ya jira kowa ya sha maganinsa, ya rako su gida, sannan ya buɗe gareji ya kama neman abincinsa.

Ƙarshen watan nan zai ajiye wannan aiki. Yanar ido ta fara rufe masa gani, likita ya hana shi tuƙi kafin rana ta fito sosai. Na ga ba wanda ya ce komai a kansa, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na iya tunawa.

Ni ce Glenda, uwar Dustin da Shawna. Ƙwaya ce ta ɗauke mini Dustin. Ba zan tsawaita a nan ba, ba na iyawa. Ranar da aka kai shi makabarta Vernon ne ya tuƙa ni, don maƙwabcinmu ne tun mijina na da rai. Kamar kullum, duk motar da ta haɗu da jerin masu jana'iza sai ta sauka gefen titi ta tsaya har a wuce. Manyan motocin katako ma sun tsaya mana. Magana ɗaya Vernon ya yi a hanya. Ya ce, "Glenda, yaron nan ya sha takawa a ƙasa a titin nan, ban taɓa ganin an kauce masa ba sai yau."

Rasuwar yayanta ce ta sa Shawna ta yarda ta shiga magani. Dokar asibitin ita ce kullum da safe ta je da kanta ta sha a gaban nas, kuma kafin hantsi suke rufe taga. Wanda fashinsa ya yi yawa sai a sallame shi ya koma layin jira. Na san abin da ke samun mutum a layin jira, don a kansa Dustin yake lokacin da ya tafi.

Shawna ba ta da lasin tuƙi, kotu ta karɓe. Ni ban taɓa riƙe sitiyari ba, motar haya kuma ba ta zuwa wajenmu. Yawancin masu zuwa asibitin haka suke, shi ya sa suke hawan ƙananan baburan nan da ba a neman lasi a kansu. Mutanen gari suna ce musu dokin mashaya. Vernon ya haɗa mata guda daga ɓaraguzan da ke bayan garejinsa, ya turo shi har ƙofarmu.

Ta zagaya shi ta ce, "Kawu Vernon, ai injin yankan ciyawa ne ka sa wa kujera."

Ya ce, "Kada ki zagi injin yankan ciyawa, ya fi wannan gudu. Hau ki ba ni wuri."

Ta yi ta zuwa, ba fashi, har jikinta ya fara dawowa. Sai cikin kaka motar katako ta buge wani mai babur a kwanar gada, ya rasa ƙafa. Ba a jima ba majalisar gunduma ta ce za ta zauna kan abu biyu: yadda za a kashe diyyar da kotu ta sa kamfanonin ƙwaya suka biya, da kuma hana ƙananan babura hawa babban titi. Titin nan kuwa shi kaɗai ne hanyarmu zuwa gari. Shawna ta ture kwanon wake da burodin masara ta ce, "To Mama, za a gyara asibiti a toshe hanyar zuwa." A hankali ta faɗa. Irin kallon da ke idonta na taɓa ganinsa a idon yayanta.

Na je na gaya wa Vernon. Ya goge hannu da tsumma. Ashe da yamma ya bi gidajen masu babura, ya ce daga gobe ba mai tafiya shi kaɗai, kowa ya hallara a garejinsa.

Washegari Shawna ta dawo tana dariya, rabon da in ji dariyarta tun kafin rasuwar. Ta ce, "Mama, yau an yi jana'izata ina zaune a kan babur." Wai da mutane suka hango jerin fitilu suna tafe a hankali da rana, sai kowa ya sauka gefen titi. Wani tsoho a bakin gonarsa har ya cire hula ya dafa ƙirji. Daga baya an gane ba gawa ba ce, amma direbobi sun riga sun saba, in sun hango jerin sai su rage gudu.

Ranar zaman majalisa zauren ya cika. Misis Arlene Pruitt, 'yar majalisar, ce ta kawo maganar hana babura, kuma ba don mugunta ba. Direban motar katakon ɗan ƙanwarta ne, tun ranar bai sake iya hawa mota ba. Da aka ba jama'a damar magana Vernon ya miƙe yana murɗa hularsa. Bai iya magana a taro ba. Ya fara da tayoyi, ya koma kan gada, ya rasa inda ya dosa. Sai ta katse shi.

Ta ce, "Vernon, kai ne ka sa na tsaya gefen titi ranar Talata ina wa mamaci addu'a har na makara wajen likitan haƙori?"

Aka yi dariya. Ya ce, "Ni ne, Arlene. Ki yi haƙuri."

"To wa ya mutu?"

Ya ce, "Babu kowa. Ƙoƙarin da muke yi ke nan."

Arlene ta kalli teburinta, sannan ta nemi a ɗage maganar. An sha gardama kafin zama na gaba, wasu har yau suna jin haushi. Amma ba a hana babura ba. Aka ce dole kowa ya sa hular kwano da riga mai ɗaukar ido, fitila kuma a kunne. Kuɗin diyyar aka ƙara wa asibiti ma'aikata don layin jira ya ragu, aka ware wani kaso na sayen bas.

Sai da aka fi shekara biyu kafin bas ɗin ya iso, kun san aikin hukuma. Duk tsawon lokacin Vernon bai fasa ba. Ranar da ƙanƙara ta rufe titi, a motarsa yake jidar su sawu-sawu. Nas ɗin da ke taga ta gaya mini in aka rasa wani a jeri, Vernon kan hau tsauni ya buga masa ƙofa, kuma bai taɓa tambayar mutum me ya sha jiya ba. Cewa kawai yake, "Ana jiranka." Ba duka suka tsira ba. Mun binne biyu daga cikinsu, su ma shi ya bi bayansu.

Vernon mai baƙin mai a farce, kai ne ka ga mutanen da gari ya gaji da su ka ce a jera. Kai ne ka yarda ka zama na ƙarshe a layi, inda in babbar mota ta ƙwace, kai za ta fara samu. Ba ɗanka a cikinsu, ba wanda ya sa ka, fasto ma sai daga baya ya ji labari.

Yanzu asibiti ya yarda da Shawna, maganin mako guda ake ba ta ta taho da shi gida. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Makon jiya ta cika shekara talatin da huɗu. Dustin bai kai haka ba. Ƙanwa ta girmi yayanta, na yi kuka, na kuma gode wa Allah a zama ɗaya.

Na gode, Vernon. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka da abin da ni ba zan iya ba. Ku kuma maƙwabta, ba sai kun iya gyaran babur ba. In kuna da mota kuna iya tashi da wuri, kun isa.

Da na gaya masa zan rubuta wannan, ya ɓata fuska ya ce in daina ɓata takarda. Har na kai ƙofa ya kira ni. Ya ce, "Tunda kin nace, ki rubuta musu bas ba ya aiki ranar Asabar, asibiti kuwa yana buɗewa. Ana neman wanda zai bi bayan yaran nan."

To ga shi na rubuta.